Harshen Mai Matsar Riɗi

Wani magidanci mabiyin addinin Hindu ya ce wa malaminsa zai kama wuridin kullum idan hidimar gida ta yi masa sauƙi. Sai dattijon ya ba shi wannan misali.

A wani ƙauye na ƙasar Indiya an yi wani mutum mai sana'ar matsar man riɗi. Yana da wani farin sa wanda yake ɗaura wa itacen turmin matsa, san yana zagayawa, mai yana tsiyaya. Ranar da aka ɗaura masa aure, malaminsu ya ba shi carbin itace, ya ba matarsa, ya kuma laƙƙana musu mantara, wato 'yan kalmomin ambaton Rama, abin bautarsu, waɗanda ake maimaitawa kowace safiya. A wurinsu babu rabon da ya kai mutum ya cika da sunan nan a bakinsa. Matar ta riƙe nata, ko da zazzaɓi ko da goyo, har 'ya'yan carbin suka yi santsi. Shi kuwa ya rataye nasa a ƙusa. Ba ƙin abin yake yi ba, yana ganin dai kalmomin kaɗan ne, ya kuma haddace su, ba za su gagare shi ba ranar da ya bukata. Daga fitowar rana zuwa faɗuwarta abin da bakinsa ke faɗi shi ne, "Zaga, Fari, zaga."

Da tsufa ya zo, ya bar wa 'ya'yansa turmin, ya kwance san ya sake shi a fili ya huta. San ya ƙi miƙe hanya. Ga ciyawa har inda ido ya tsaya, amma sai ya yi ta kewaya wuri guda har ya fitar da da'ira a ƙasa. Tsohon ya yi dariya, ya ce dabba dai dabba ce. Bai kai ga sauko da carbinsa ba ciwon shanyewar jiki ya kwantar da shi, ya tafi da maganarsa, ya bar masa hankalinsa garau. Da aka ga tafiyarsa ta ƙarshe ta matso, matarsa ta kakkaɓe ƙurar carbin, ta sa masa a hannu, ta sunkuya tana karanta masa a kunne. "Maigida, bi ni a hankali," in ji ta. Yana jin kowace kalma, yana ganinta a zuci kamar ruwa a ƙasan rijiya, ba guga. Ya tattara ƙarfin da ya rage masa, ya buɗe baki. Abin da ya fito shi ne, "Zaga, Fari." Ya sake gwadawa, hawaye na bin kuncinsa, harshen ya sake bin hanyar da ya sani. Can waje tsohon san ya ji kiran ubangidansa, ya yunƙura ya tashi, ya kama kewayawa.

Dattijon ya dubi magidancin ya ce, "Ɗana, ba a fafe gora ranar tafiya."