Tukunyar Inna Zalika

Rahina ba ta saki tukunyar ba, wannan ko gaban alƙali sai ta rantse. Hannu biyu ta sa ta kama wuyanta ta ɗaga, sai wuyan ya biyo ta, gindin ya yi zamansa bisa gammo, cikin ya baje a ƙasa.

Inna Zalika, uwar mijinta, ta ɗora hannu a ka. "Wayyo ni! Yau na sake binne uwata!"

Duk garin Urafane an san tukunyar nan. Ta ƙasa ce, baƙa wuluk, mai faɗin baki, da zanen yatsa kewaye da wuya. Da ita aka kawo uwar Inna daga Attantane tana amarya, kuma cikinta aka kaɗa miyar sunan kowane ɗa na gidan. Inna na cewa ko ruwa da gishiri ka zuba mata miya za ta ba ka, don daddawar kakanni ta shige jikinta. Ba mai taɓa ta. Akuyar da ta taɓa shinshinarta ma ba ta kai layya ba.

Shi ya sa da Inna ta ce da safen nan, "Rahina, ɗauko mini tukunyar nan," Rahina ta ji kamar an naɗa mata sarauta. An kwana biyu tsohuwar ba ta ɗora miya ba, wai miyar kuka ta daina karɓarta. Bakin ɗaki take wuni, hannuwa cikin mayafi, tana harare-harare. Dama ɗanta Manzo ya daɗe yana cewa ta bar wa Rahina murhu ta huta, ita kuma tana cewa ranar da aka raba ta da murhu a haƙa mata kabari.

Manzo ya dawo daga lakwal inda yake koyarwa, ya tarar da uwarsa kwance, matarsa durƙushe gaban fasassun.

"Ke da hannunki?"

"Wallahi ɗagawa kawai na yi."

"To wa ya ce ki ɗaga?"

Rahina ta dubi Inna. Inna ta juya fuska wajen bango. Manzo ya tada moto ya fice, daga ranar ko gaisuwarta sai ya ga dama yake amsawa.

Inna ta daina cin abinci. A kai tuwo, ya dawo yadda ya tafi. Rahina ta yi miya cikin tukunyar ƙarfe, ta zuba daddawa har idonta na ruwa, Inna ta shinshina ta ture, wai warin ƙarfe. Maƙwabta suka riƙa shigowa kamar gaisuwar mutuwa, su zauna, su yi salati, su kalli hannuwan Rahina.

Ta kai fasassun wajen gyartai. Ya yi dariya har ya saki zare, ya ce shi ƙwarya yake ɗinki, ba ƙasa ba. Ta dawo ta jiƙa ƙaro ta gwada liƙewa. Ya ƙi kamawa, don bakin fasassun duk ƙura ce da toka, ƙaron sai ya zame ya bar mata baƙin yatsu. Ta zauna bayan rumbu ta yi kuka mai isarta. Ba ta da wanda za ta kai wa ƙara, ita kanta ta ga wuyan tukunya a hannunta.

Da la'asar Inna ta fara nishi tana magana da bango, da ƙarfin da zai kai tsakar gida. "An daina gina irinta. Sai ko Hindatu ta bayan kasuwa, in tana da sauran ido. Wa zai je ma? Ni dai tawa ta ƙare."

Ran kasuwa Rahina ta ƙulle fasassun cikin tsohon zane ta fita. Tana tafe tana tunani, kuma duk inda ta bi tunanin bai kai ta ko'ina ba. Sai an kwaɓa yumɓu, a gina, a bari ta sha iska a inuwa, a tara da wasu a gasa, sannan a tafasa ruwan dusa ciki kafin ƙamshin ƙasa ya fita. Inna kuwa jiya sai da aka riƙe ta ta tashi alwala. In tsohuwar nan ta mutu kan tukunya, sunan Rahina ya gama lalacewa a garin, aurenta ma haka.

Ta sami Hindatu tsakanin randuna da tuluna, tsohuwa ce ƙanƙanuwa, yumɓu har gwiwar hannu. Rahina ta durƙusa ta kwance ƙullin.

"Iya, ki taimake ni don Allah. Na kashe uwar mijina."

Hindatu ko kallon fasassun ba ta yi ba. Ta goge hannu, ta shige rumfa, ta yi ta ture-ture, ta fito rungume da tukunya mai faɗin baki, da zanen yatsa kewaye da wuya, gasassa, har an turara ta da hayaƙi ta yi baƙi. Ta dire ta gaban Rahina.

"Kin daɗe, ɗiyata," ta ce. "Tun ranar da tsohuwar tukunyar ta suɓuce wa Zalika ta fashe, ta zo ta ba ni aikin, hannun nan nata na rawa ko zanen ta kasa nuna mini. Ta ce kar ɗanta ya ji ya hana ta murhu, in ajiye kawai, akwai yarinyar da za ta zo da fasassun tana kuka."