Fatar Namijin Ɓera da Ta Ƙi Kamawa

Sunan garin ya ɓace mini, sunan mutumin ma haka, tsufa ya kwashe su. Na dai san na sauka wurinsa a cikin yawace-yawacena, kuma har yau in na tuna shi sai haushi ya taso mini. Masani ne mai bincike a kan ɓeraye, ga shi da iya hannu. Aikinsa dashen fata. Yakan yanko ɗan ƙyallen fata daga bayan wannan ɓera ya ɗinka a bayan wancan, duk 'yan zuriya ɗaya, don a koyi abin da zai amfani majinyata. Ƙuruciyarsa duk a nan ta ƙare, kuma an riga an gaya masa in bai kawo sakamako ba za a rufe ɗakin binciken. Daga mace zuwa mace fata takan kama, daga namiji zuwa namiji ma haka. Amma da ya ɗora ta namiji a kan mace, sai ta yi kamar za ta zauna, can kuma ta bushe, ta yi baƙi, ta faɗi kamar ɓawon gyambo.

To, akwai wata ƙwayar gado da namijin ɓera kaɗai ke da ita, a kan sandar halittar da ake kira Y. Aikinta goge wasu ƙananan alamu daga dunƙulen da igiyar gado, mai ɗauke da umarnin halittar jiki, ke naɗe a kansa, in ta goge sai umarnin da ke wurin ya yi shiru. Mutumin nan ya san ta sarai. Na tambaye shi a hankali ko ya taɓa duba ta a cikin fatar. Ya yi dariya ya ce, "Haba, Malam! Abin maza ne, a maraina yake aiki. Me zai kai shi fata?" Sai ya canza wuƙa, ya canza allura, ya canza abincin ɓerayen, ya janye kejinsu daga bakin taga, har da mai kawo masa dusa ya yi faɗa. Komai ya zarga banda fatar da ke hannunsa kullum. Kai, taurin kai bai yi ba! Haka aka rufe ɗakin, aka raba ɓerayen ga wasu, shi kuma ya tattara ya bar aikin.

Wannan ƙarshen kam ban manta ba, don da kaina na bi sawun maganar wurin masana daga baya, suka tabbatar mini. Ƙwayar nan tana aiki a fata, da hanta, da zuciya, har da ƙwaƙwalwa. Jikin macen yana ganin shaidarta a fatar namiji, sai ya ɗauki fatar baƙuwa ya yaƙe ta. Ka ji abin da Hausawa ke nufi da suka ce, ana zaton wuta a maƙera, sai ta tashi a masaƙa.