Tiren Hagu

Tire biyu ne a teburin sakatariyar kamfanin: na dama na masu babban sakamako, na hagu na waɗanda ba za a kira ba. Saurayinta, injiniyan da ya dawo daga karatu a waje ya nemi aiki a kamfanin, ya ƙura musu ido.

"An kira abokaina intabiyu, ni shiru. Ina takardata?"

Ta sunkuyar da kai tana murza biro. "Oga ya ce wanda makinsa bai kai ba, kada ma ya gani."

"Da safe ina aji, da yamma ina gyaran injina don in ci abinci. Takarda ba ta faɗin wannan."

"Na sani. Kuma Baba ya ce ba aure sai da aiki."

Ya haɗiye yawu. "Ke fa? A wane tire kika sa ni?"

Ta daɗe tana dubansa, sannan ta jawo durowa. Kwana tara takardarsa na ciki, ta kasa sa ta ko'ina. Ta ɗauka, ta nufi ƙofar oga.

"Zai iya korarki fa."

"Sai mu zama biyu a hagu," ta ce, ta ƙwanƙwasa.