Ki Rage Babur Ɗin

"Ki ƙara rage babur ɗin," Uzairu ya rubuta. "Abin da ya yi nisa ƙarami ake zana shi."

Shi ke yi wa kowa gyara a rukuninsu na WhatsApp na masu zanen jaruman katun. Ramlat sabuwa ce. Shafin da ta zana ya nuna jarumin da suke so ya iso a makare, tsoho na kwance a hanyar Makoda tsakanin gonakin gero, mai babur yana tserewa.

Sau uku tana ragewa, Uzairu na cewa zanen bai nuna nisa ba tukuna. Babur ya koma ɗigo.

"Yanzu ya yi," in ji shi.

"Bai yi ba, Malam," ta amsa. "Tsohon nan mahaifina ne, kuma bai tashi ba. Ina cikin geron aka buge shi. Mai babur ɗin sai da ya waiwayo."

Ta tura shafi na biyu, fuska ɗaya ta cika shi. Uzairu ya yi saurin gogewa, amma mutum arba'in sun riga sun gani. Fuskar Uzairu ce sak, har da tabon goshinsa.