Ƙaryar da Na Ƙirƙira wa Anti Samiratu

Da gudu na shiga gidan Anti Samiratu, takalmi ɗaya a ƙafata. A bayana, samarin Ayigya Zango suna dukan famfon unguwarmu da guduma. Da ruwansa nake dama kokon da nake sayarwa.

Anti bincike take yi a jami'a. Tana so ta gano wa ya fi yarda da jita-jitar makirci, talaka ko mai hali. Sati biyu da suka wuce ta ce min, "Azaratu, ƙirƙiro min ƙaryar da ba wanda ya taɓa ji. Zan sa ta cikin tambayoyina, in ga wa zai ce gaskiya ce."

Kaina a ƙasa na ce, "Ki ce an zuba maganin hana haihuwa a famfonmu."

Da ta yi wa 'yan dako da direbobin motocin haya na trotro tambayar, dariya suka yi mata. Amma yau kowa maganar yake yi, har ana cewa masu koko ma da hannunsu.

"Anti, ki fito ki gaya musu! Za su zo kaina!"

Ta kulle ƙofa. Ta nuna min waya.

"Rukunin hira na manyan malamanmu na jami'a ne. Uku sun turo labarin famfon, sun ce likita ya tabbatar."

"Anti, ni fa na ƙirƙira. A gabanki."

Ta ja da baya, tana kallona kamar baƙuwa.

"Abin da ke ba ni tsoro ke nan. Wa ya gaya miki tun kafin kowa ya sani?"