Sirrin Tsohon Yaɓe

Farfesa ya ɓalgato yaɓen bangon ya ɗora a harshe, ɗalibansa suka zaro biro.

Sati uku ke nan muna aikin sa kai a wani tsohon gari na bakin teku a ƙasar Benin, muna gyara gidan da ya shekara ɗari biyu. Duk yaɓen da suka kwaɓa zubewa yake yi. Ni kuwa gobe za a mayar da ni Azare, don an gano a aji huɗu na tsaya, yayana ne ya cika mini takarda.

"Akwai sirri a ciki," in ji Farfesa yana tsotsa. "Ɗan ɗaci-ɗaci. Magabata sun tafi da iliminsu."

Na tsinci guntu na sansana. Sai ga ɗakin kakata a Katagum, ranar yaɓe kafin damina.

"Ranka ya daɗe," na ce ina kallon ƙafata, "kashin shanu ne."

Ya daina tsotsa.

Na kwaɓa da kashin shanu, na yaɓa, bai zube ba. Washegari motar da za ta mayar da ni ta tafi babu ni. Yanzu masu digiri shida ke bina da bokiti, muna jiran saniya ta ɗaga wutsiya.