Ƙwallon Sharfuddeen

Ranar da Mahfuza ta fara ganin Sharfuddeen, rungume yake da ƙwallon bolin kamar wanda ya kawo jariri asibiti. Ya ajiye ta a kan teburin ƙaramin shagon gyara da ke cikin gidan wasan, a unguwar Al Qusais, can ƙasar Larabawa, ya ce, "Malama, an ce ke ce likitarta. Ba ta jin magana."

Ta ɗaga kai daga littafin da take karantawa. Jin Hausar Kano a bakinsa ya sa ta manta shafin da take.

Babu wanda ya koya mata wannan aiki. Rajista aka ɗauke ta yi, amma ta karance duk takardun da ke zuwa da kaya, har ta gane sirrin. Layin katakon da ake gara ƙwallo a kai don ta kaɗe sanduna shafe yake da mai. In mai ya yi yawa, sai a goge jikin ƙwallon da sanfefa mai kaushi, ta kama katako ta lanƙwaso. In layi ya bushe, sai a sa sanfefa mai laushi ta yi santsi, ta yi nisa kafin ta juya. Duk wanda Mahfuza ta taɓa wa ƙwallo, sai ya yi wata uku bai waiwayo shagon ba.

Ta Sharfuddeen kuwa ta gagara.

Kowace Asabar, in ya tashi daga ofishin kargo da yake aiki, sai ga shi. Wannan mako ta lanƙwasa da wuri ta faɗa lambatu. Mako na gaba ta miƙe sambal ta wuce sandunan ko gaisawa ba su yi ba. Mahfuza takan tambaye shi yanayin man layin dalla-dalla, ta jinjina kai, ta buɗe durowa ta ɗan jima tana zaɓe. Minti ashirin ne aikin. A cikinsu ta san sunan mahaifiyarsa, ta san ba ya cin kuka, ta san dariyarsa takan riga labarinsa fitowa. Duk mako waɗannan mintunan take jira.

"Anya ba hannunka ba ne, Malam?" takan ce.

"Hannun da ke ɗaga katan ɗin atamfa?"

"To ai ƙwallo ba atamfa ba ce."

A wata na bakwai ya shigo babu dariya. Akwai gasa tsakanin ma'aikatan kargo ranar Lahadi, abokinsa Ɗalhatu kuma ya riga ya sa masa suna Sarkin Lambatu.

"In na sake jin kunya, khalas, na bar wasan. Wataƙila ba ni da rabo a ciki."

In ya bar wasan, ya bar shagon ke nan. Ta tambaye shi man layin gasar. Wannan karon ba ta jima a durowa ba.

Ya zo na biyu cikin mutum goma sha shida.

Asabar ta zo ta wuce, ba shi. Wata ta sake wucewa. Mahfuza ta karanta shafi ɗaya sau huɗu.

A ta uku ya shigo hannu rabbana, sanye da shadda mai guga.

"Ina majinyaciyar?"

"Ta warke sarai. Ni ne dai na rasa dalilin zuwa, sai na zo haka nan." Ya gyara hula. "Wurin wa zan tura kawuna a Kano?"

Ta rubuta masa lambar yayan mahaifinta. Har ya kai ƙofa ta kira shi.

"Malam Sharfuddeen, hannunka lafiyarsa ƙalau tun ranar farko. Na yi maka alkawari, daga yau ba zan sake ɓata maka ƙwallo da gangan ba."